Haruffa Takwas da Hannun Hagu

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe 7:40 na safe

Yau kwana huɗu Baba yana asibiti, a gado na shida. Mama ce ta kore ni zuwa aiki, wai zamana a gefensa ina zare ido ba zai ɗaga masa hannu ba. Hannun dama ne ya shanye, da ƙafar, da rabin baki. Likita ya yi mana dogon bayani. Ni dai abin da na riƙe shi ne, mutumin da ya yi shekara arba'in yana rubuta allunan shaguna da burushi, yau cokali ya gagare shi.

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta lokutan magani. Ga shi na fara rubuta wani abu daban.

Litinin, ƙarfe 1:15 na rana

Tsohuwa ta sake sumewa, sau uku tun safe. Haka muke kiran kwamfutar da manhajarmu ke zaune a kanta, wadda ke haɗa wa makarantu takardun sakamako da na shaida. Duk mai son haɗa takarda sai ya danna ya ga jerin salon haruffan da muke da su, font ɗin nan, ya zaɓi ɗaya. Muna da dubu biyu da ɗari uku. Ita kuma manhajar, don tsabar wauta, sai ta ɗora kowanne gaba ɗayansa a memori kafin ta faɗi sunansa, kamar malamin da zai kira sunayen 'yan aji amma sai ya goya kowane yaro tukuna. Memorin Tsohuwa giga biyu ne kacal. Mutum uku suka danna tare, shi ke nan, ta miƙe ƙafa.

Oga ya ce sabuwar kwamfuta ba bana ba, in nemo dabara kafin Juma'a. Ya tambayi jikin Baba yana kallon agogo. Na ce da sauƙi.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

A bencin asibiti na rubuta gyaran. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Kowane fayil na font yana da ɗan wuri a cikinsa inda aka rubuta sunansa. Sai manhajar ta leƙa wurin kawai, ta ɗauki sunan, ta rufe fayil ɗin ta wuce. Ba ta ɗaukar font sai takarda ta neme shi, kuma kada ta riƙe fiye da goma a lokaci guda. In ta ga fayil biyu da suna ɗaya, ta lissafa na farko ta tsallake na biyun.

Mama ta tambaya ko na kira Yaya. Na kira. Bai ɗauka ba. Na tura saƙo, ya amsa da kalma uku: Allah ƙara sauƙi.

Ban ga laifinsa duka ba. Shekara goma ke nan da ya ɗauki jakarsa bayan abin da ya faru a shagon Baba, kuma shekara uku da suka wuce Mama ta yi masa ƙaryar cewa Baba na kwance. Ya yi tafiyar kwana guda, ya tarar da shi a kan tsani yana fenti. Ko ruwa bai sha ba ya juya.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Ya yi aiki. Jerin da ke cin giga ɗaya da rabi yanzu mega talatin ya ishe shi. Dogo, abokin aikina mai kula da Tsohuwa, har tafi ya yi. Ya ce manhajar ta tsallake fayil ɗari shida da ta ce maimaici ne, ko ya share su tunda faifan ajiyar Tsohuwa ma ya cika? Waya na kunnena, Mama na faɗa min an canza wa Baba magani. Na ɗaga masa hannu na ce ya share.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Baba ya fara magana. Kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya. Sai ka kai kunnenka bakinsa. Abin farko da ya ce min shi ne, “Injiniya.” Da sunan yake tsokanata tun ranar da na ɓalle rediyonsa ina 'yar shekara tara. Na yi dariya, hawaye suka biyo ta.

Ya fi rabin awa kafin na gane abin da yake so. Wasiƙa zai rubuta wa Yaya. Na ce in ɗauke shi a waya ya yi magana, ya juya fuska bango. Ba ya son ɗansa ya ga bakinsa haka, har sai da ya sa na yi alkawari ba hoto, ba murya. Na ce to in rubuta da hannuna. Ya girgiza kai.

“Zai ce... ke ce.” Ya huta. “Ya san... hannuna.”

Sai ya nuna jakar kwamfutata da haɓa, na tuna. Shekara takwas da suka wuce, lokacin ina ɗokin abin da na koya, na zaunar da shi ya zana min haruffa ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, har da masu ƙugiya. Na ɗauke su a sikana na mayar da su font. Ranar da ya ga firinta tana fitar da rubutunsa, cewa ya yi na ƙwace masa sana'a. Yaya bai taɓa sanin an yi wannan ba.

Na ce Litinin zan buga masa. Yana nan a kan Tsohuwa.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Kwana biyu muka yi kafin ya gama faɗar wasiƙar. Ya sa na goge wani layi sau huɗu. Ga abin da ya tsaya a kai:

Ɗana ka zo gida. Laifina ne. Ban riƙe komai ba. Babanka.

Mama ta fita waje da ta ji layi na biyu. Shekara goma tana jiran ya faɗe shi.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 9:05 na safe

Ba ya cikin jerin.

Litinin, ƙarfe 2:30 na rana

Na duba jerin sau ba adadi, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama. Na shiga foldar da kaina. Babu. Na tambayi Dogo ko ya taɓa wani abu, ya ce abin da na ce ya share kawai ya share. Na yi masa tsawa a gaban kowa. Bawan Allah ya koma kujerarsa.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 7:15 na safe

Na gano. A hanyar ofis abin ya faɗo min, har na wuce inda zan sauka.

Lokacin da na haɗa font ɗin Baba ban iya farawa daga tushe ba. Kwafe wani tsohon font na yi, na cire haruffansa na zuba na Baba. Na canza sunan fayil ɗin daga waje, amma sunan ciki ban taɓa shi ba, na ce zan gyara daga baya. Tsohuwar manhaja sunan waje take nunawa, shi ya sa shekara takwas ba wanda ya lura. Tawa sabuwa, mai wayo, mai tattalin memori, sunan ciki take karantawa. Ta ga suna iri ɗaya da na wani, ta ce maimaici ne. Ni na rubuta wannan ƙa'idar. Ni na ɗaga hannu na ce a share.

Da na sani ƙeya ce.

Talata, ƙarfe 6:10 na yamma

Ina shiga idonsa ya sauka kan hannuna. Na ce firinta ce ta lalace. Gobe, Baba.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 12:40 na rana

Na ba Dogo haƙuri. Ya ce ba komai, ya ajiye aikinsa ya taya ni nema. Kwafin ajiyar da ake yi kullum bai haɗa da foldar font ba, domin tun asali an ce su ana samunsu ko'ina. Ya gwada tono abin da aka share daga faifan, amma mako guda Tsohuwa na rubuta takardun makarantu a kan wurin. Ya fito min da tarkace, ba abin da ke buɗewa.

Kwamfutar da na yi aikin a kanta ta ƙone tun shekara biyar. Takardun da Baba ya zana suna cikin kwalin da ruwa ya ci lokacin da rufin ɗakin baya ya yi yoyo. Na bi titin kasuwa ko zan ga wani allonsa in ɗauka a hoto. Duk an cire, an sa masu fitila. Guda ɗaya na samu a wani shagon walda, rana ta cinye shi saura inuwa.

Gobe, Baba.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 3:00 na rana

Ya daina tambaya da baki. Kallon hannuna kawai yake yi in na shigo, sai ya mayar da ido kan silin. Wannan ya fi tambayar ciwo.

Likita ya kira Mama gefe. Da ta dawo sai ta hau ninke zannuwan da ta riga ta ninke.

Lahadi, 15 ga wata

Ban je ba. Na ce kaina ke ciwo.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 10:20 na safe

Na shiga ɗan kicin ɗin ofis in haɗa shayi, na tsaya kamar an dasa ni. A bango, sama da famfo, akwai wata takarda da ta yi rawaya, kullum muna ganinta ba mai karantawa: Duk wanda ya sha shayi ya wanke kofinsa. Na gode. Hannun Baba ne. Ni na buga ta shekarun baya don in kunyata Dogo. Maiƙo da tururi sun ɓata ta, amma na tuna na tura wa Oga fayil ɗin ya duba kafin in liƙa. Na same shi a cikin tsofaffin saƙonni.

Irin wannan fayil yana ɗauke da font a cikinsa, sai dai ba duka ba. Don kada ya yi nauyi, haruffan da takardar ta yi amfani da su kaɗai yake ɗauka. Tattalin da ya cuce ni, shi ne ya rage min ɗan abin da ya rage. Na ciro su: ƙanana goma sha huɗu, manya biyu, da ɗigo.

Na jera wasiƙar Baba a kansu. Haruffa takwas babu. A wurin kowannensu firinta ta fitar da ɗan akwati fanko.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 4:45 na yamma

Na ƙirƙiro su da kaina. Na juya d ta zama b, na haɗa n biyu na yi m, na lanƙwasa wa k ƙugiya. Dogo ya duba ya ce shi bai ga bambanci ba. Na buga, na sa a ambulan, zuciyata na cewa ai ido ɗaya ma da ƙyar yake buɗewa.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na riƙe masa takardar. Ya bi layin farko a hankali, ya kai hannun hagu ya ɗora yatsa a kan z.

“Ba tawa ba.”

Ya gangara kan b. Ya gangara kan m. Duk takwas ɗin ya tsince su, ko ɗaya bai kuskure ba. Sai na durƙusa a gefen gadon na faɗa masa komai, sunan ciki da sunan waje, hannun da na ɗaga, kwana taran da na yi ina cewa gobe. Na yi kuka har matar gado na biyar ta miƙo min tsumma.

Na ɗauka zai juya fuska bango. Sai na ji gadon na motsi. Dariya yake, irin wadda rabin baki ke iya yi.

“Injiniya... ta ɓalle... rediyo.”

Da ya huta ya ce in kawo biro da takarda mai kauri. Na ce Baba, hannun fa? Ya ɗaga na hagun ya nuna min.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Biyu yau: Ɗ da z. Na ɗora masa faranti a cinya, na danne takardar, Mama ta tallafe kafaɗarsa. Biron ya zame sau shida. Ya yi z goma sha ɗaya kafin ya yarda da ɗaya, ita ma kamar tsutsar da aka taka. Ya daɗe yana kallonta. Mutumin da ke jan layi miƙaƙƙe a allo mai ƙafa goma ba tare da zare ba.

Na ce mu bar sauran, in aika haka. Ya ce a'a. Taurin kan nan ne ya kori Yaya, kuma shi ne ke riƙe da biron yanzu. Ban san ko in ji haushinsa ko in gode masa ba.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

L da B. Ya yi barci biron na hannunsa.

Asabar, 21 ga wata

Ko ɗaya. An sa masa abin numfashi.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 5:15 na yamma

Ya farka da rana ya nemi farantin da kansa. Uku ya yi a jere, r da ƙ da m, yana numfashi kamar mai hawan tsani da gwangwanin fenti. Nas ta zo ta ce ya isa. Ya kalle ta irin kallon da yake yi wa mai shagon da ya ce a rage girman suna, ta fita. Ya yi b. Cikinta bai rufe ba, akwai ɗan gibi a ƙasa. Na ce ko ya sake? Ya saki biron.

“Tura.”

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe

Na ɗauke su a sikana, na zuba a font ɗin, ban gyara ko lanƙwasa ɗaya ba. Na buga. Haruffan shekara takwas da suka wuce suna tsaye cak kamar yadda ya saba, na makon nan suna tangaɗi a tsakaninsu. Kalmar ƙarshe ta fi kowacce, Babanka, rabinta lafiyayye rabinta na rawa.

Na ɗauki hoton takardar na tura wa Yaya. Ban ƙara ko kalma ba.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Ya buɗe tun jiya. Bai amsa ba. Baba ya tambaya da ido, na ce ya gani. Wannan karon gaskiya na faɗa.

Talata, ƙarfe 5:40 na yamma

Saƙo ya shigo: Na taso. Na karanta wa Baba a kunne sau uku. Ina jin ya matse min yatsa. Ina jin dai.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Baba ya cika. An ba mu kayansa a leda. Farantin na ciki.

Laraba, ƙarfe 4:30 na yamma

Yaya ya iso. Kai tsaye asibiti ya wuce daga tasha, ya tarar da wani mutum a gado na shida.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe 8:20 na safe

Gida ya ɗan rage mutane. Yaya ya yi furfura a gemu, tafiyarsa ta koma irin ta Baba sak, har Mama ta daina ɗaga kai in ya wuce. Kwana uku ba mu yi wata magana ba sai ta kujeru da tabarmi.

Yau na same shi a ɗakin baya yana jujjuya tsofaffin burusai. Na ba shi ainihin takardar, na faɗa masa duk yadda aka yi. Na ce wasiƙar nan tun ranar tara ga wata ya kamata ta same shi. Mako biyu na cinye masa. Da ya zo ya tarar da Baba yana magana, har da dariya. Na ce ya faɗa min duk abin da ya ga dama, na cancanta.

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya sa yatsa a kan b ɗin nan mai gibi.

“Auta, da ta zo min da hannunsa mai kyau, cewa zan yi lafiyarsa ƙalau, Mama ce ta sa shi. Aljihu zan sa ta.” Ya sake taɓa gibin. “Wannan na gani. Kwana na yi ina kallonta, ina cewa ba hannunsa ba ne. Ita ce ta taso ni.”

Ban sani ba ko don ya sauke min nauyi ya faɗa. Ban tambaya ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, muka zauna a kan gwangwanayen fenti har Mama ta kira mu.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe 9:10 na safe

Na koma ofis. Oga ya ce Tsohuwa ba ta sume ba ko sau ɗaya tun ranar huɗu ga wata, makarantu na ta yabo. Na ce madalla.

Na ƙara wa manhajar ƙa'ida ɗaya: in suna ya zo ɗaya, ta duba girman fayil ɗin ma, in sun bambanta ta lissafa duka biyun. Layi huɗu ne. Ba ya cin memori ko na mega ɗaya.

Sannan na buɗe font ɗin, na shiga wurin sunan ciki, na yi gyaran da na ce zan yi daga baya. Na danna jerin. Ya fito tsakanin baƙin sunaye, Hannun Baba, haruffa ashirin da huɗu da ɗigo.

Dogo ya leƙo ta kafaɗata ya ce zai iya taya ni zana sauran, ya zama cikakke. Na ce a'a, ya bar shi haka. Mai zana su ya ajiye biro.